Yadda Muka Cika Wasiyyar Baba, Daga Asibiti Har Bakin Rijiya

Tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutane ke ta tambayata yadda muka yi da wasiyyarsa da rabon gadonsa. Wasu sun yi irin rashin da muka yi, sun rasa ta inda za su fara. Wasu kuma lafiyarsu ƙalau, suna tunanin rubuta tasu wasiyyar, amma zuciya na ce musu me ya dami wanda ya riga ya kwanta dama da abin da ya bari a baya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta komai bi da bi. Dokoki da sunayen ofisoshi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kowa ya tuntuɓi masana na inda yake, amma hanyar kusan ɗaya ce, ruɗanin da ake shiga ma iri ɗaya ne.

Baba ba attajiri ba ne. Ya bar gidan da muke ciki, da fili guda, da ɗan abin da ke banki, da haƙƙoƙinsa na wurin aiki, da littattafai cike da kabad. Ya bar Umma da mu 'ya'ya biyar, uku maza biyu mata, autarmu ba ta kai munzalin riƙe dukiya ba. Akwai kuma marayu biyu, 'ya'yan babban wanmu wanda ya riga Baba rasuwa. Abin da ya fi duk waɗannan yi mana amfani shi ne wani littafin rubutu mai baƙin bango da Umma ta ciro daga ƙarƙashin kayan sawarsa. Shafin dama bashin da ake binsa ne, na hagu wanda yake bin mutane, kowanne da suna da rana, wanda aka biya ya ja masa layi da jan biro. A shafin ƙarshe ya rubuta cewa a haƙa rijiya daga cikin sulusin dukiyarsa a inda ake wahalar ruwa, a kai littattafansa makaranta, kuma ni ne zan tsaya a kan lamarin. Abokansa biyu sun sa hannu a ƙasa. Layi bai fi bakwai ba, amma da waɗannan layukan muka shiga kowane ofis.

Mataki na farko takardar shaidar mutuwa, kuma a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Takardar da likita ya ba mu a asibiti, wadda ta nuna rana da dalilin rasuwa, ba ita ce banki da kotu suke nema ba. Ita ce ake ɗauka a kai ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, su kuma su fitar da ta hukuma mai hatimi. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, jiran ne ya fi ciwo. A wurin ne ma'aikaciyar ta lura cewa sunan Baba a katin shaidarsa ya bambanta da harafi ɗaya da wanda asibiti ya rubuta. Da muka dawo gida muka baje sauran takardu, sai muka ga na banki ma da na fili kowanne da yadda ya rubuta sunan kakanmu. Dole na je kotu na yi rantsuwa a rubuce cewa duk sunayen nan na mutum ɗaya ne. Duk wanda iyayensa ke da rai, ya duba wannan tun yau, domin mai suna da kansa yana gyara shi cikin sauƙi, amma bayan ransa sai an sha fama. Kuma a yi kwafin takardar mutuwar da yawa, a kai a buga musu hatimin tabbatarwa, don kowane teburi sai ya riƙe guda. Ba zan ɓoye ba, a waɗannan makonni abin da ya fi yi mini nauyi shi ne maimaita kalmar "ya rasu" a gaban baƙin fuska, wani ya yi maka ta'aziyya, wani ko kai ba zai ɗaga ba.

Kafin mu je kotu, Baffa ya ba da shawara mu fara zama da malamin da ya san ilimin gado, kuma na gode wa Allah da muka bi. Malam ya zaunar da mu duka har Umma, ya ce tsarin ba ya canzawa: a fara fitar da abin da aka kashe wajen jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba za ta wuce sulusin abin da ya rage ba, sannan gado. Ya karanta mana ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i inda aka maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi, ya kuma ja kunnenmu da hadisin da ke cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Sai ya juya wajen Umma ya ce, "Hajiya, akwai ragowar sadakinki a kansa? Akwai kuɗinki ko kayanki da suka cakuɗa da nasa?" Umma ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe. Malam ya ce yafiya alheri ce, amma a fara sanin nawa ne, sannan ta yafe tana sane. A ranar muka san cewa ɗakunan baya biyu da kuɗin gadon mahaifinta aka gina su. Mu da muka tashi a gidan ba mu taɓa ji ba.

Biyan bashi ya ɗauke mu lokaci fiye da yadda na zata. Na bi sunayen littafin ɗaya bayan ɗaya, wasu sun tashi daga inda suke, wani ya rasu sai magadansa muka nema. Kowa na biya sai ya sa mini hannu a gefen sunansa. Wani ya zo da da'awar bashi wanda babu shi a littafin, babu takarda babu shaida, muka miƙa maganarsa ga kotu ba tare da mun ƙaryata shi ba. Wani dattijo kuma ya yi sallama da yamma, ya zaro kuɗi a ƙulle cikin leda, ya ce Baba ya ranta masa lokacin da matarsa ke kwance a asibiti. Na duba shafin hagu, na ga sunansa, amma an ja masa jan layi, a gefe Baba ya rubuta "na yafe". Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon rubutun, ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya yi addu'ar da har Umma ta jiyo daga ciki ta fashe da kuka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Na sha karanta ta, amma a ranar na ga aikinta da idona.

Inda Baba bai rubuta ba, nan ne muka sha wuya. Yayarmu ta ce ya taɓa ce mata filin nan nata ne, kuma dukanmu mun ji ya faɗa. Amma takarda na nan da sunansa, ba ta kewaye filin ba, ba ta taɓa yin komai a cikinsa ba. Malam ya ce kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da rai, kuma ba za a mayar da ita wasiyya ba, domin babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Yaya ta ji zafin maganar ƙwarai, ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayata. Daga baya aka daidaita cewa filin ya faɗa cikin kasonta, ta cika wa sauran abin da ya hau a hankali. Sai maganar marayu. A ƙa'idar gado, jikoki ba sa gadon kakansu in akwai ɗa namiji da rai. Baffa ya ce Baba ya sha gaya masa a ba yaran nan wani abu, amma bai faɗi nawa ba, bai kuma sa a takarda ba. Malam ya ce irin wannan gurbin ne wasiyya ta fi dacewa ta cike, har ma ƙasar Masar ta kafa dokar wasiyyar dole ga irin waɗannan jikoki tun 1946, wasu ƙasashe suka bi sahu, amma inda babu wannan doka sai abin da mamaci ya rubuta ko abin da magada suka ba da da daɗin rai.

A wannan zaman ne ƙanina ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce shi bai ga dalilin binne kuɗi a rami don mutanen da ba mu sani ba, alhali ga jinin Baba nan babu kuɗin makaranta. Ya ce wanda ya mutu ya gama nasa, suna ko rijiya ba su ƙara masa komai. Ban ga laifinsa ba, don tambayar ta daɗe tana cina ni ma. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya ba mu labarin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya yi rashin lafiya mai tsanani a Makka yana da 'ya ɗaya tal, ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi, aka hana, sai a sulusi aka tsaya, kuma aka ce masa sulusin ma da yawa, barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Malam ya ce, "Ka ga, ɗana, tausayin da kake ji shari'a ta riga ka jin sa, shi ya sa ta killace muku kashi biyu. Amma sulusin nan haƙƙin mahaifinku ne, shi kaɗai ya rage masa da zai yi aiki da shi." Ya kawo hadisin da ke cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Muka tashi a kan cewa rijiya na nan yadda ya rubuta, marayu kuma mu manya huɗu da Umma kowa zai yanka musu daga nasa. Na auta ba a taɓa ba, domin ba a kyauta da dukiyar yaro ko da da kyakkyawar niyya.

A kotu an nemi takardar mutuwa, da katin shaidar kowane magaji, da jerin dukiya, da asalin littafin Baba, da shaidu biyu waɗanda suka san iyalin kuma ba su da kaso. Alƙali ya yi tambayoyin da ban zata ba: ko Baba na da wata mata ko ɗa a wani wuri, ko akwai mai juna biyu, ko iyayensa na da rai, ko ya saki wata tana cikin idda. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, babu ko ɗaya." Ya ce ba ni ya tambaya ba, shaidu ya tambaya. An kira abokan Baba da suka sa hannu a wasiyyar, ɗaya ya tsufa sai da muka riƙo shi, ya kalli shafin ya ce hannunsa ne. An ɗage zama don a jira ko wani zai fito da da'awa, an sake ɗagewa don mai kimanta dukiya ya je ya ga gida da fili. Ladan mai kimantawa da kuɗin kotu su ne mafi tsoka a duk abin da muka kashe, kuma na kotun wani kaso ne na ƙimar dukiyar, don haka a tanade shi tun wuri, saboda ana biyansa ne lokacin da kuɗin mamaci ke kulle. A ajiye kowane rasit, ko na fotokwafi ne, domin ranar lissafi 'yan'uwa za su tambaya, kuma haƙƙinsu ne. Da aka zo rabo, bayan bashi da wasiyya, an kasa abin da ya rage gida 64: Umma ta sami tumuni, wato 8, kowane namiji 14, kowace mace 7. Kotu ta ba ni takardar hukunci da wasiƙu zuwa banki da wurin aikin Baba.

Banki ya rufe asusun tun ranar da muka sanar da su. Wani ya ba mu shawara tun farko mu yi shiru mu riƙa cira da katinsa tunda Umma ta san lambar sirri. Kada kowa ya yi haka. Daga lokacin da rai ya fita kuɗin ya zama na magada duka har da yarinya ƙarama, kuma kowane cira yana fitowa a takardar bayanin asusu da ranarsa. Wani abin da ya rikita mu shi ne sunan Yaya da Baba ya sa a fom a matsayin makusanciya. Ta ɗauka ita za a miƙa wa kuɗin. Jami'in bankin ya bayyana mana cewa a wurinsu wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba ya mayar da mutum magaji. Takardunmu sun tafi babban ofis, suka dawo don hoton auta bai fito sosai ba, suka sake tafiya. Ku riƙe layin wayar mamaci kada ya mutu, domin ta nan saƙonnin banki ke shigowa, ta nan ma muka gano wani ƙaramin asusu da babu wanda ya san da shi. Na wurin aiki bai ba mu wahala ba, takardu ɗaya ne, sai dai jira.

Rijiya ita ce na ɗauka za ta fi sauƙi, sai ta zama ita ta fi koya mini abu. Da nake zagayen neman wuri, na ga rijiyoyin burtsatse da dama da suka mutu, famfo ya yi tsatsa, tanki ya tsage, ciyawa ta rufe dakali, amma allon da ke ɗauke da sunan wanda aka yi dominsa na nan tsaye fes. Wanda na tambaya sai ya ce injin ne ya lalace, masu ita ba su sake waiwayowa ba, mutanen wurin kuma kowa na jiran wani. Abin ya tsaya mini a rai. Na koma wajen Malam, ya ce wakafin farko-farko a Musulunci ma da tsarinsa ya zo. Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibara, ya tsayar da asalinta a kan ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninta ne ake bayarwa, kuma aka halatta wa mai kula da ita ya ci daga ciki gwargwadon da ya dace. Wato tun a lokacin an san cewa sadaka ba ta gudana da kanta, sai da mai tsaye a kanta da abin da zai riƙe shi.

Don haka muka rage burinmu. Muka bar babban tanki da injin mai tsada, muka zaɓi famfon hannu wanda kayan gyaransa ke samuwa kusa, ragowar kuɗin muka ware a asusu na daban don gyara. Mai filin da ya ba da wuri ya sa hannu a takarda a gaban shaidu da 'ya'yansa cewa ya fitar da wannan yanki daga mallakarsa, don kada bayan ransa magadansa su kewaye. An kira masu auna ƙasa kafin a fara haƙa, an kai ruwan ɗakin gwaji kafin a bar kowa ya sha, kuma mai haƙa ba a ba shi cikon kuɗinsa ba sai da ruwan ya tsaya. Aka naɗa mutum biyu daga masu amfani da rijiyar su zama masu kula, aka rubuta wanda zai gaje su. Da aka zo maganar allo, ƙanina, wanda a da ba ya son rijiyar, shi ne ya dage a rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe. Baffa ya goyi bayansa, ya ce Annabi Ibrahim ma ya roƙi Allah ya sanya masa kyakkyawan ambato a cikin na baya, yana nan a Suratush Shu'ara'i. Umma ta ce ita dai ta san mijinta, bai rubuta a sa sunansa ba, a rubuta lambar wayar wanda za a kira in famfo ya lalace. Aka yi duka biyun, sunan ƙarami a ƙasa, lambar babba a sama. Littattafai kuwa, makarantar ta karɓi mafi yawa bayan mun rubuta jerinsu, waɗanda gara ta ci muka ware, sauran muka raba wa ɗalibansa.

In aka tambaye ni yau ko barin wani abu baya yana da muhimmanci, zan ce ƙwarai kuwa, amma ba ta fuskar da na ɗauka a da ba. Suna ba ya daɗewa. Kaɗan ne cikinmu za su iya faɗin sunan kakan kakansu, kuma yaran da ke ɗiban ruwa a rijiyar nan ba su san Baba ba, ba su da buƙatar saninsa. Abin da na gani shi ne, ko mutum ya so ko bai so ba, sai ya bar wani abu. Wanda bai bar tsari ba ya bar rikici. Duk inda Baba ya sa biro, mun wuce lafiya, har da mutanen da ba danginmu ba. Duk inda ya bari a baki, kamar filin Yaya da rabon marayu, sai da aka zubar da hawaye, kuma saura ƙiris zumunci ya tsinke. Niyyarsa a wuraren biyu ɗaya ce, mai kyau. Wanda yake son ya ba ɗansa ko 'yarsa wani abu, ya ba shi yanzu, ya sauya takarda, ya damƙa masa. Wanda yake da jikoki marayu ko wani da ya riƙa wanda ba ya gado, ya rubuta musu rabonsu da adadi. Wanda yake son sadaka mai gudana, ya yi tunanin wanda zai gyara ta bayan shekara goma kafin ya yi tunanin girmanta.

Bayan an gama na Baba na je wajen lauya na rubuta tawa, ko da yake abin da na mallaka bai kai a kira shi dukiya ba. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce a wurinsa ba. Lauyan ya sa na jera kadara da bashi da asusu, ya ce shaidu kada su kasance cikin masu cin moriyar wasiyyar, kuma kowane abu a faɗi wa zai aiwatar da shi da kuma ta yaya. Ya ba ni misalin Alfred Nobel, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya sa hannu a wasiyyarsa a Paris a 1895 ya rasu a 1896, amma ba a fara ba da kyautar da ke ɗauke da sunansa ba sai 1901, saboda wasu dangi sun ja, kuma hukumar da za ta riƙe dukiyar ma sai a 1900 aka kafa ta. Na biya kuɗin lauya sau ɗaya, na bar kwafi a wurinsa, kwafi a wurin matata, na gaya wa ƙanina inda takardun suke da yadda za a buɗe wayata. Ya ce in dawo a sabunta duk lokacin da aka yi haihuwa ko rasuwa ko na sayi wani abu babba.

Abin da ya rage mana har yanzu shi ne sauya sunan takardar gida daga na Baba zuwa na magada. Ofishin filaye ya nemi hukuncin kotu da tsohuwar takarda da shaidar biyan harajin da ya taru, duk mun kai, fayil ɗin na hannunsu. Kason auta kuma yana asusun da kotu ta sa ido a kai, ni da Umma ne masu sa hannu, kuma duk abin da aka cire don makarantarta ina rubuta shi da rana da rasit har zuwa lokacin da za a damƙa mata.